Koton Gashin Tsuntsu Mai Laushi: Ɗaurinsa da Kamun Kifi da Shi a Ruwan Gongola

Koton gashin tsuntsu ƙugiya ce da aka naɗa wa zare da ɗan gashi, aka ba ta kamannin ƙwaron da kifi ke ci. Babu tana a jikinta, babu gara, babu ƙullin dusa. Kifi ba ya jin ƙanshinta, ganinta yake yi ya zaci abinci ne ya kai cafka. Irin wannan koto kala-kala ne a duniya: akwai mai yawo a saman ruwa, akwai mai nitsewa har ƙasa, akwai wanda aka yi wa siffar ƙaramin kifi. Mafi sauƙin ɗauri a cikinsu, kuma ɗaya daga cikin mafi daɗewa, shi ne mai gashi mai laushi. Siririn zare ne a jikin ƙugiya, sai gashi zagaye ɗaya ko biyu a wuyanta. Iyakarsa ke nan.

Wanda ya gan shi a tafin hannu zai raina shi, domin bai yi kama da wani ƙwaro takamaimai ba. Aikinsa sai a cikin ruwa yake bayyana. Ƙwari da dama, irin su mazari da danginsa, a ruwa suke fara rayuwa. Uwar ta zuba ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa mai ƙafafu, tsutsar ta yi watanni a ƙarƙashin duwatsu ko cikin laka tana girma. Akwai waɗanda idan lokacinsu ya yi sai su taso sama, fatarsu ta tsage, fiffike ya fito, su tashi. Tsakanin barin dutse da tashi sama ƙwaron ba shi da wata kariya. Fiffikensa a jiƙe yake, ƙafafunsa na wutsil-wutsil, ruwa na jan sa inda ya ga dama, wasu ma a nan suke mutuwa ruwa ya tafi da su. Kifi ya san wannan lokaci sarai. Gashi mai laushi kuwa duk ɗan motsin da ruwa ya yi sai silinsa su buɗe su rufe, su kwanta su miƙe, daidai da ƙafafu da fiffiken ƙwaron da ke fama. Motsin nan shi ke yaudarar kifi, fiye da kala ko siffa. Shi ya sa gashin wuyan zakara, mai tauri da ƙyalli, bai dace da wannan aiki ba; nasa wurin shi ne koton da ake so ya tsaya a saman ruwa.

Inda ya samo asali

Yaudarar kifi da gashin tsuntsu tsohuwar dabara ce. Wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara guda biyu. A Ingila, wani littafin kamun kifi da aka buga a 1496 ya lissafa koto goma sha biyu na ulu da gashi, an rarraba su bisa watannin shekara. Amma siffar da aka sani a yau, siririya mai ƙarancin gashi, ta kafu ne a arewacin Ingila da kan iyakar Sikotilan, a koguna masu duwatsu da saurin gudu irin su Wharfe da Ure na yankin Yorkshire. Mutanen ƙauye ne suka riƙa ɗaura ta da hannu, da gashin tsuntsayen da suka samu a gonakinsu da zaren siliki na ɗinki, don kama kifin tirawut.

A 1857 W. C. Stewart, ɗan Sikotilan, ya fitar da littafinsa The Practical Angler, inda ya nace a kan abu biyu: koto ya zama mai laushi maras yawan gashi, kuma a jefa shi sama da inda mutum yake tsaye, ruwa ya gangaro da shi. A 1885 T. E. Pritt ya tattara ire-iren da ake amfani da su a Yorkshire, ya sake buga littafin a 1886 da sunan North Country Flies. Edmonds da Lee suka biyo baya a 1916. A Amurka James Leisenring ya rubuta nasa a 1941, daga baya abin ya kwanta, har sai da Sylvester Nemes ya farfaɗo da shi da littafin The Soft-Hackled Fly a 1975.

Guda uku ne suka fi shahara daga Yorkshire. Na farko gashin fakarar Turai ne a kan zare ruwan goro, shi ne Partridge and Orange. Na biyu gashin wani tsuntsun fadama mai dogon baki ne a kan zare shunayya. Na uku gashin ƙarƙashin fiffiken kazar ruwa ne a kan zare rawaya da aka ɗan barbaɗa wa gashin dabba mai toka-toka. Har yau masu kamun kifi a Turai da Amurka ba su rabu da su ba, duk da ɗaruruwan sababbin koto na roba da ƙyalli da suka cika shagunansu.

Japan ma tana da nata, wanda ya taso daban a tsakanin masuntan kan duwatsu, ana kiran salon tenkara. Wani irin kotonsu gashinsa gaba yake fuskanta maimakon baya, don ya fi buɗewa idan an ɗan ja shi. Abin lura ga mai karatu a nan shi ne kayan aikinsu: doguwar sanda, zare ɗaure a bakinta, da ƙugiya. Babu injin naɗe zare. Duk yaron da ya taɓa fatsa da sandar gora a bakin rafi ya riga ya san rabin wannan aiki.

Kayan ɗauri

Kusan duk abin da ake buƙata yana cikin garin Gombe. Ƙugiya ita ce ta farko. Lambar ƙugiya juye take, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya, kuma wannan koto an fi ɗaura shi a kan lamba 12 zuwa 16. A nemi mai hanci, wato mai ƙofar zura zare, siririya mai kaifi. Ƙugiyoyin mamari da ake sayar wa masunta sun yi kauri da girma.

Zare na biye. Turawan da suka fara sun yi amfani da siliki na gaske, kuma suna da dalili: siliki idan an shafa masa kaki ya jiƙe, kalarsa takan yi duhu ta ɗan nuna ƙarfen da ke ƙarƙashi, ruwan goro ya koma ja-ja mai duhu kamar jikin ƙwaro. Zaren ɗinkin hula da na aikin wuyan riga da ake samu wajen masu kayan ɗinki a babbar kasuwa zai yi, in an warware shi an ɗauki sili ɗaya. Zaren keken ɗinki ma yana kama kifi, sai dai kalarsa ba ta sauyawa a ruwa, don haka a zaɓi mai ɗan duhu tun farko. Kala huɗu sun isa: ruwan goro, rawaya, kore da baƙi. Sai ɗan gutsuren kakin zuma da ƙaramin almakashi.

Gashi shi ne inda ake buƙatar ido. Fakara da makwarwa 'yan uwan fakarar Turai ne, gashin wuyansu da na bayansu yana da laushi da zane-zanen da ake nema. Salwar da ake kiwo tana ba da ƙananan gashi masu kyau ga ƙugiya lamba 14 da 16, kuma a hukuncin wanda ya gwada ire-ire, da wuya a samu abin da ya fi ta sauƙin samu da dacewa. Kazar gida mace, musamman mai wake-wake ko ja mai duhu, gashin wuyanta da na bayanta yana aiki. Tantabara na ba da toka-toka. Zabo gashinsa kyakkyawa ne, ɗigo-ɗigon fari a kan baƙi, har masu ɗauri a Turai na sayen sa, amma silinsa dogaye ne kuma sun ɗan fi tauri, sai a ajiye shi don manyan ƙugiyoyi. Duk wannan ana samun sa wajen 'yan kaji, inda ake fige ana zubarwa. A karɓi wanda aka fige a bushe, domin ruwan zafi yana lalata gashi. A wanke da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa, a adana a leda don kada asu ya cinye.

Babu dalilin harbin tsuntsun daji saboda koto. Wasu tsuntsayen da littattafan Ingila na da suka ambata yanzu doka ta hana taɓa su a can, masu ɗauri sun koma ga gashin kaza da makamantansa, kifi kuwa bai fasa ci ba.

Yadda ake ɗaurawa

Masu sana'ar suna da ɗan matsi na ƙarfe da ke riƙe ƙugiya a kan tebur. Mutanen da can da yatsu suke riƙewa, kuma ƙaramar filaya da aka ɗaure bakinta da roba tana maye gurbin matsin.

A ja zare a kan kaki sau biyu ko uku. A ɗora shi kaɗan a bayan hancin ƙugiya, a naɗa shi a kan kansa har ya kama, a yanke saura. Daga nan a naɗa zuwa baya, zagaye na manne da zagaye, a tsaya daidai saitin tsinin ƙugiya, sannan a dawo gaba. Jikin gajere ne kuma siriri, ninki biyu na zare kawai. A bar ɗan fili bayan hanci don gashi da kai.

Sai a zaɓi gashi wanda tsawon silinsa ya kai tsawon ƙugiyar ko ya ɗan ɗara. A tuge audugar da ke gindinsa. A riƙe shi ta ƙarshen bakinsa, a shafo sauran silin zuwa baya, a ɗaure wannan ɗan bakin a jikin ƙugiya da zagaye biyu ko uku na zare. A kama gindin gashin a zagaya shi a wuyan ƙugiya sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu, ana shafa silin baya da yatsu yayin zagayawa don kada su harɗe. A danne gindin da zare, a yanke, a yi ɗan ƙaramin kai, a ƙulle da ƙulli uku ko huɗu. Idan ɗaurin ya yi daidai, silin za su tsaya kewaye da ƙugiya kamar ƙarafan lema da aka buɗe, kowane da sarari tsakaninsa da ɗan uwansa.

Kuskuren kowane sabon hannu ɗaya ne, wato yawan gashi. Ido yana son koto ya cika ya yi kyau, sai a yi zagaye huɗu ko biyar. Gashi mai yawa yana riƙe iska ya hana nitsewa, kuma idan ya jiƙe sai ya cure wuri guda ya daina motsi. Ƙwaro ƙafa shida gare shi. Tsofaffin masu ɗauri har gefe ɗaya na gashin sukan tuge kafin su naɗa, kuma sun lura koton da kifi ya tattauna har ya rage 'yan sili sau da yawa ya fi sabo kamu.

Ƙari ɗaya ne yake da amfani. A ruwa mai ƙarfin gudu silin kan kwanta su manne da jikin ƙugiya. Maganinsa shi ne a murza ɗan gashin zomo a jikin zare mai kaki, a naɗa ɗan dunƙule kafin a ɗaura gashin tsuntsun. Dunƙulen yana tokare silin su zauna a buɗe, yana kuma kama da ƙirjin ƙwaro.

Wane kifi, a wane ruwa

Garin Gombe ba shi da babban kogi, sai kwaruruka da ke gudu da damina su bushe da rani. Ruwan kamun kifi mafi kusa shi ne kogin Gongola, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya je ya haɗu da Binuwai a Numan. A kansa aka gina madatsar Dadin Kowa a shekarun 1980, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kuma daga nan garin ke samun ruwan famfo. Akwai kuma madatsar Balanga a kudancin jihar. Masuntan wuraren nan da taru da kalli da birgi da gura da mamari suke aiki, don kasuwa suke kamawa. Koton gashi ba zai yi gasa da su ba, kifi ɗaya-ɗaya yake kamawa. Na mai sha'awa ne da mai neman na miya.

Tirawut, kifin da aka ƙirƙiro koton dominsa, na ruwan sanyi ne, ba ya rayuwa a Gongola. Amma cin ƙwari ba shi kaɗai ya iya ba. Kawara da danginta, masu farin jiki da ke yawo garke-garke kusa da saman ruwa, ƙwari ne babban abincinsu, kuma da ido suke farauta. Su ne suka fi dacewa da wannan koto. Karfasa ta fi karkata ga gansakuka da ciyawar ruwa idan ta girma, sai dai ƙanana da matsakaita suna cafkar ƙwari, musamman a gefen ciyawa. Tarwaɗa labarinta daban ne. Da gashin bakinta da jin ƙanshi take neman abinci, a ruwa mai laka kuma galibi da dare, don haka tana da hanjin kaza sun fi mata. Tsage kan kai wa koton hari wani lokaci, amma haƙoransa na datse zaren roba nan take. Masu neman tsage da giwan ruwa da gashi, kamar waɗanda ke zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru daga ƙasashen waje, manyan koto masu siffar kifi suke ɗaurawa, kuma saboda haƙoran tsage sukan sa waya a gaba.

Madatsun ruwa suna da wani ƙwaro da ya cancanci a san shi. Fari ne mai rauni, masana na kiran sa Povilla adusta. Tsutsarsa tana haƙa rami a cikin itatuwan da ruwa ya shanye, shi ya sa yake yawaita a tafkin da aka tare a kan daji. An yi nazarinsa a tafkin Kainji da na Volta a Ghana, inda ya zama babban abincin kifaye. Yana fitowa da yawa a dararen da ke biye da cikar wata. Duk inda aka ga fararen ƙwari sun rufe fitila a bakin tafki, koto mai farin gashin kaza da zare rawaya shi ne na ɗaukowa. Haka nan farkon damina, idan shinge ya tashi bayan ruwan sama ya zuba a kan kogi, mai ruwan kasa-kasa a ƙugiya lamba 12 ya dace.

Tun da kifi ganin koton yake yi, tsabtar ruwa sharaɗi ce. Da tsakiyar damina Gongola jawur yake da laka, aikin banza ne. Daga ƙarshen kaka ruwa ke fara washewa, ya ci gaba har bazara. Da sanyin hunturu kifi ba ya kuzari da sassafe, gara hantsi ko la'asar. Da zafi kuwa sai asuba da gab da magariba.

Jefawa da kamu

Koton ba shi da nauyi, ba ya jefuwa da kansa. Turawa suna amfani da zare mai kauri wanda nauyinsa ke ɗaukar koton, da sanda ta musamman mai tsada. Mai sandar gora ba ya buƙatar wannan. Siririyar gora mai tsawon mita uku zuwa huɗu, mai lanƙwasa a baki, da zaren fatsa daidai tsawonta, ƙarshensa a haɗa da mafi siriri kamar mita ɗaya, sun wadatar. Wanda ke son nisa sai ya ɗaura ɗan guntun kara ko soson takalmi sama da koton da kamar mita ɗaya, ya ba shi nauyin jifa, ya kuma nuna masa lokacin da kifi ya taɓa. A Yorkshire koto uku suke jerawa a zare ɗaya, kowane da kalarsa. Ga mai koyo biyu sun isa, uku harɗewa suke yi.

A ruwa mai gudu hanya mafi sauƙi ita ce a jefa zuwa tsallake, a ɗan karkata ƙasa, a bar ruwa ya ja zaren ya zagayo da koton har ya miƙe a ƙasa da mai fatsa. A nan kada a yi gaggawar cirewa. Lokacin da zare ya miƙe koton yakan taso sama kamar ƙwaron da zai fita, kuma a daidai nan kifi ya fi kai hari. Leisenring ya mayar da wannan dabara ta musamman: ya bar koto ya nitse, idan ya iso gaban inda kifi yake sai ya tsayar da sanda, koton ya taso a gaban idonsa. Bayan jifa biyu ko uku a matsa taki ɗaya ƙasa, a sake.

Hanyar Stewart ta fi wuya, ta kuma fi kamu a ruwa mai haske maras zurfi. Kifi a kogi kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, don haka wanda ya zo ta bayansa bai gan shi ba. A jefa gajeren zare sama, a riƙa ɗaga sanda yayin da ruwa ke dawo da koton, don zare ya zauna a miƙe ba tare da an ja shi ba. Ba a cika jin cizon a hannu ba, sai dai a ga zare ya tsaya ko wani farin walƙiya a ƙarƙashin ruwa.

A tafki, inda ruwa ba ya gudu, mai fatsa ne zai ba koton rai. A jefa kusa da ciyawa ko kututturen da ke cikin ruwa, a ƙirga zuwa biyar ya nitse, a riƙa ɗaga bakin sanda kaɗan-kaɗan ana tsayawa. Kowane ja yana rufe silin, kowace tsayawa tana buɗe su.

Idan kifi ya kama, ba a fizga. Wanda ya saba da tana yakan jira kifi ya haɗiye sannan ya fizge da ƙarfi. Nan akasin haka ne. Kifi na jin ba abinci ba ne zai tofar, don haka amsa ta zama da wuri amma a hankali, ɗaga sanda kawai. Bakin kawara ba shi da ƙwari, fizga na yaga shi. Wata fa'ida ita ce ƙugiyar a leɓe take kamawa, ba a ciki ba, saboda haka ƙaramin kifin da bai isa ci ba ana iya cire shi a mayar ruwa da ransa.

Kenya ta nuna cewa ɗaurin kansa sana'a ce. Turawan mulkin mallaka sun kai tirawut kogunan tsaunukanta a farkon ƙarni na 20, 'yan ƙasa suka koyi ɗaurin koto, yau kuma masu ɗauri a can suna aika kayansu Turai da Amurka. Aikin hannu ne na zare da natsuwa, irin wanda garin da ke da masu ɗinkin hula ba zai rasa hannayen yin sa ba.

Mai niyyar gwadawa a Dadin Kowa ya fara da gaishe da masuntan wurin da neman izinin Sarkin Ruwa, ya kuma nisanci jikin madatsar, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama. Ruwan da ke ƙasa da madatsa yana iya ƙaruwa ba zato idan an saki ruwa. Akwai dorina a yankin, kuma tsayawa cikin ruwa maras gudu na jawo tsargiya, don haka jifa daga gaɓa ko daga kan dutse ya fi shiga ruwa.